Yaushe Indiya ta karkata wajen Isra'ila, kuma me ya kai ta?

Tambaya: A da mun san Indiya da goyon bayan Falasɗinawa, har Yasser Arafat yana kiran Indira Gandhi 'yar'uwarsa. Yanzu kuma ga Modi da Netanyahu suna rungumar juna a gaban kyamara. Modi ne ya sauya wa Indiya alƙibla, ko dama can akwai wata a ƙasa?

Amsa:

Malam, akwai wata a ƙasa tun da daɗewa. Modi bai ƙulla wannan alaƙa ba, fito da ita fili ya yi. Wanda ya ƙulla ta ɗan jam'iyyar Congress ne, jam'iyyar su Nehru da Indira, wato Firaminista Narasimha Rao, a ranar 29 ga Janairun 1992. Tun kafin wannan rana ma makaman Isra'ila sun sha shiga Indiya a ɓoye.

Sai an fara rarrabe abu uku da mutane kan cakuɗa. Amincewa da ƙasa daban: ka yarda akwai ta, tana da gwamnati. Ƙaramin ofishin jakadanci daban: aikinsa biza da ciniki da kula da 'yan ƙasa, kuma ba lallai ya zauna a babban birni ba. Cikakkiyar hulɗar jakadanci ita ce a yi musayar jakadu, kowanne ya miƙa takardunsa ga shugaban ƙasar da aka tura shi. Indiya ta yi na farko a 1950, ta ƙyale na biyu a 1953, sannan ta yi zamanta sama da shekara 41 tsakanin amincewa da musayar jakadu. Mafi yawan labarin yana cikin wannan tazara.

Tushen matsayin Indiya ya girmi ƙasar Isra'ila kanta. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Mahatma Gandhi ya haɗa kai da Musulmin Indiya a gwagwarmayar kare Halifancin Usmaniyya, kuma tun lokacin maganar Falasɗinu ta shiga siyasar cikin gida. A Nuwamban 1938 ya rubuta a jaridarsa Harijan cewa Falasɗinu ta Larabawa ce kamar yadda Ingila take ta Ingilawa, Faransa ta Faransawa, duk da ya nuna tausayi ga abin da Yahudawa ke sha a hannun Hitler. Akwai kuma lissafi. Congress tana gogayya da jam'iyyar Muhammad Ali Jinnah wajen neman zukatan Musulmi, kuma babbar hujjarta a kan ƙin kafa Pakistan ita ce addini ba ya zama dalilin yanka ƙasa. Wanda ya faɗi haka a gida ba zai je waje ya goyi bayan a yanka Falasɗinu saboda addini ba.

Shi ya sa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin ƙasashe 11 a 1947 don duba makomar Falasɗinu, wakilin Indiya, alƙali Abdur Rahman, bai bi masu rinjaye ba. Ƙasashe bakwai suka ce a raba. Indiya da Iran da Yugoslabiya suka ce a yi ƙasa ɗaya ta tarayya, yankin Larabawa da yankin Yahudawa, Ƙudus babban birni. Ostireliya ta ƙi ɗaukar ɓangare. Albert Einstein ma ya rubuta wa Nehru wasiƙa yana lallashinsa, bai ci nasara ba. Ranar 29 ga Nuwamban 1947 aka kaɗa ƙuri'ar rabawa: 33 suka yarda, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Indiya tana cikin 13. A Mayun 1949 ta sake ƙin amincewa a shigar da Isra'ila majalisar.

To me ya sa ta amince da ita ranar 17 ga Satumban 1950? Saboda ƙasar ta riga ta tsaya da ƙafafunta, kuma Turkiyya da Iran, ƙasashen Musulmi, sun riga Indiya. Nehru da kansa ya ce da tuni an yi, don Isra'ila abu ce da ta tabbata, gudun ɓata wa abokai Larabawa ne ya jawo jinkiri. A farkon 1952 babban sakataren ma'aikatar harkokin wajen Isra'ila, Walter Eytan, ya zo Delhi, ya koma da alkawarin cewa musayar jakadu ta kusa. Ba a cika ba. Masana tarihin wannan zamani sun fi danganta tsaikon da Maulana Abul Kalam Azad, ministan ilimi kuma babban Musulmin gwamnatin Nehru, wanda ya kawo dalili biyu: Musulmin da suka zauna a Indiya bayan rabuwa da Pakistan suna cikin fargaba, bai kamata a ƙara musu ba, sannan maganar Kashmir tana gaban Majalisar Ɗinkin Duniya tun Janairun 1948, kuma Pakistan za ta yi amfani da duk wata kusanta da Isra'ila ta kwashe ƙuri'un Larabawa. Sai aka bar Isra'ila da ƙaramin ofishi a Bombay, nesa da Delhi. Indiya kuwa ba ta buɗe komai a Isra'ila ba.

Taron Bandung na 1955 ya gudana ba Isra'ila, don Larabawa sun ce in ta zo ba za su zo ba. Shekara ta gaba Isra'ila ta haɗa kai da Birtaniya da Faransa suka auka wa Masar a rikicin mashigin Suwez. Nehru aminin Gamal Abdel Nasser ne, kuma ganin Isra'ila tare da tsofaffin 'yan mulkin mallaka ya rufe maganar na tsawon lokaci.

A nan ne ta ƙasa ta soma. Da China ta ragargaji sojojin Indiya a 1962, Nehru ya nemi taimako daga ƙasashe da dama, har da firaministan Isra'ila David Ben-Gurion, kuma Isra'ila ta aiko da ƙananan igwa da harsasansu. A yaƙin 1971 da Pakistan, wanda ya haifi Bangaladash, takardun P. N. Haksar, babban mashawarcin Indira Gandhi, sun nuna firaministar Isra'ila Golda Meir ta amince a karkatar da irin waɗannan makamai zuwa Indiya a asirce. Hukumar leƙen asirin waje ta Indiya, wadda aka kafa a 1968, ta buɗe hanyar magana da Mossad, takwararta ta Isra'ila, tun tana sabuwa. Duk wannan ana yi, a zauren majalisar duniya kuwa wakilan Indiya suna cikin masu kakkausar suka ga Isra'ila.

Abin da ya riƙa ci wa 'yan adawa tuwo a ƙwarya shi ne ribar da ba a gani. A yaƙin 1962 Masar ta zaɓi shiga tsakani maimakon tsaya wa Indiya. A 1965 da 1971 Jodan da Saudiyya suna bayan Pakistan. Mafi ciwo shi ne abin da ya faru a Rabat a Satumban 1969, a taron shugabannin ƙasashen Musulmi da aka kira bayan an cinna wa Masallacin Al-Aƙsa wuta. An gayyaci Indiya, ta tura tawaga ƙarƙashin minista Fakhruddin Ali Ahmed, sai shugaban Pakistan Yahya Khan ya ce in Indiya ta zauna shi ba zai zauna ba. Aka hana tawagar shiga zaman ƙarshe. Jam'iyyar Jana Sangh, wadda BJP, jam'iyyar Modi, ta fito daga tsatsonta, ta yi ta nanata wannan wulaƙanci a majalisa.

Duk da haka Indira ta ƙara matsawa wajen Larabawa, don bayan yaƙin Oktoban 1973 farashin fetur ya tashi, kuma ƙasashen Gulf sun fara kwasar ma'aikatan Indiya. A 1974 Indiya ta zama ƙasa ta farko da ba ta Larabawa ba da ta amince da PLO, ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta su Arafat, a matsayin wakiliyar Falasɗinawa tilo. A 1975 PLO ta buɗe ofishi a Delhi, a 1980 aka ɗaga shi zuwa cikakken ofishin jakadanci. Ranar 10 ga Nuwamban 1975 Indiya ta kaɗa wa ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya ce sahyoniyanci wariyar launin fata ne. A 1982 ta kori ƙaramin jakadan Isra'ila na Bombay saboda ya soki manufofinta a hira da jarida. A Nuwamban 1988 tana cikin sahun farko na masu amincewa da ƙasar Falasɗinu.

Wani abu da masu cewa "ai aikin 'yan Hindu ne kawai" kan tsallake: a 1977 Congress ta faɗi zaɓe, aka kafa gwamnatin Morarji Desai, ministan harkokin wajenta kuwa Atal Bihari Vajpayee, jigon Jana Sangh. Ministan harkokin wajen Isra'ila Moshe Dayan ya zo Delhi a ɓoye a shekarar, ya nemi musayar jakadu, Desai ya ce sai Isra'ila ta janye daga ƙasar Larabawa da ta mamaye. Masoyan Isra'ila sun hau mulki, amma fetur da Kashmir ba su sauya ba, don haka manufa ba ta sauya ba.

Abin da ya sauya ta shi ne 1991, shekarar da ginshiƙan tsohon lissafin suka zube kusan lokaci guda.

Baitulmali ya ƙafe. Kuɗin waje da ya rage wa Indiya bai wuce na shigo da kayan 'yan makonni ba, har sai da ta ɗora zinariyarta a jirgi ta kai jingina Turai. Tana buƙatar Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, wato tana buƙatar Amurka, kuma a Washington ƙin hulɗa da Isra'ila yana da tsada. Tarayyar Sobiyet, wadda mafi yawan makaman Indiya nata ne, ta wargaje a Disamba. Jirage da tankoki suna nan, kayan gyara sun watsu a sabbin ƙasashe. Kamfanonin Isra'ila kuwa sun ƙware wajen ɗaukar tsohon makamin Sobiyet su sa masa sabbin na'urori. Arafat ya goyi bayan Saddam Hussein a mamayar Kuwait, sarakunan Gulf suka juya masa baya. Tawayen Kashmir ya ɓarke tun ƙarshen 1989, Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi tana ta fitar da ƙudurori masu sukar Indiya, wanda ya nuna shekara 40 na lallaɓawa bai sayi komai ba. Sannan ranar 30 ga Oktoban 1991 aka buɗe taron Madrid, Siriya da Jodan da Labanan da Falasɗinawa suka zauna teburi ɗaya da Isra'ila. In masu abin sun zauna, ɗan taya fushi ba shi da hujjar tsayawa a waje.

Rao mutum ne mai taka-tsantsan, kuma yadda ya jera matakansa abin nazari ne. Da farko gwaji: ranar 16 ga Disamban 1991 Indiya ta kaɗa ƙuri'ar soke ƙudurin 1975, tare da ƙasashe 110, aka saurara a ga ko za a yi bore a gida. Ba a yi wani na a zo a gani ba. Daga nan aka karɓi Arafat a Delhi a Janairun 1992, aka faɗa masa abin da ake shiri, shi kuma ya fito gaban 'yan jarida ya ce musayar jakadu hurumin kowace ƙasa ne mai 'yanci, ba zai tsoma baki ba. Wannan ya toshe bakin masu suka. Ranar 24 ga watan China ta ƙulla tata hulɗar da Isra'ila, don ta samu kujera a zagayen tattaunawar da za a yi a Mosko. Bayan kwana biyar Indiya ta sanar da tata, dab da tafiyar Rao New York taron shugabannin Kwamitin Sulhu. Aka buɗe ofishin Isra'ila a Delhi, na Indiya a Tel Aviv.

Mai karatu a Najeriya zai ga kamanni. Najeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a Oktoban 1973, ta maido a 1992 zamanin Janar Babangida, kuma tun jamhuriya ta farko, lokacin da Sardauna ya ƙi karɓar tallafin Isra'ila a Arewa, maganar ta kasance siyasar gida kafin ta zama ta waje. Iskar da ta kaɗa Delhi ita ta kaɗa Legas da Abuja. Bambancin shi ne Indiya tana da maƙwabta biyu masu faɗa da ita, don haka tata alaƙar ta koma ta makamai.

Yaƙin Kargil na Mayu zuwa Yulin 1999 ne ya ɗaure ta tamau. Shekara guda kafin nan Indiya ta yi gwajin nukiliya, Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi, Isra'ila ba ta shiga masu Allah wadai ba. A Kargil sojojin Pakistan sun haye ƙololuwar duwatsu masu tsayin kusan mita 5,000 suna harbo hanyar da ke ƙasa. Bam ɗin da ake saki haka kawai ba ya samun ɗan ramin da aka haƙa a kan tsauni. Abin da ake buƙata na'ura ce da ake rataya wa jirgi, ta haska wurin da hasken leza, bam ya bi hasken. Indiya ta riga ta yi odar irinta, mai suna Litening, daga Isra'ila. Ana cikin yaƙi aka gaggauta haɗa ta da jiragen Mirage 2000 ƙirar Faransa, aka yi amfani da ita a kan tsaunin Tiger Hill. Isra'ila ta kuma kawo harsasan igwa da taimakon leƙen asiri ta sama. Hafsoshin Indiya sun riƙe darasi ɗaya: wannan dillali ba ya rufe shago ranar da yaƙi ya tashi, kuma ba ya yin wa'azi a kan haƙƙin ɗan adam.

Bayan nan manyan kwangiloli suka biyo. A 2000 ministan cikin gida L. K. Advani da ministan harkokin waje Jaswant Singh suka je Isra'ila. A Satumban 2003 Ariel Sharon ya zama firaministan Isra'ila na farko da ya zo Indiya. A Maris 2004 aka sa hannu a cinikin Phalcon, dala biliyan 1.1, jirage uku masu ɗauke da rada da ke hango jiragen abokan gaba daga nesa. Cinikin ya nuna yadda harkar take: gangar jikin jirgin Ilyushin-76 ce ta Rasha, na'urar ta Isra'ila, izinin kuwa na Amurka. A 2000 Amurka ta tilasta wa Isra'ila soke irin wannan ciniki da China. Na Indiya ta ƙyale. Jirgin farko bai iso ba sai Mayun 2009. A Janairun 2008 rokar Indiya ce ta harba wa Isra'ila tauraron leƙen asiri TecSAR daga Sriharikota. Makami mai linzami na kakkaɓo jirage, Barak-8, tare aka ƙera shi tsakanin kamfanin IAI na Isra'ila da hukumar binciken tsaro ta Indiya. A lura, isowar jirgin da harba tauraron da aikin Barak-8 sun gudana ne ƙarƙashin Manmohan Singh na Congress, daga 2004 zuwa 2014, wanda bai taɓa zuwa Isra'ila yana firaminista ba, alhali jam'iyyun gurguzu da ke tallafe da gwamnatinsa a zangon farko suna ta neman a daina. A 'yan shekarun nan, bisa ƙididdigar cibiyar SIPRI mai bin diddigin cinikin makamai, kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan makaman da Isra'ila ke fitarwa Indiya suke zuwa. Amma a wajen Indiya, Rasha da Faransa sun fi Isra'ila kaso nesa ba kusa ba.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Cinikin Barak na farko ya jawo binciken cin hanci. A 2006 hukumar bincike ta tarayya ta buɗe ƙara da ta haɗa da tsohon ministan tsaro George Fernandes, a 2013 ta rufe saboda rashin hujja. A 2012 aka haramta wa kamfanin IMI na Isra'ila kwangilar tsaro na shekara goma. Cinikin makaman fasa tanka na Spike, sama da 8,000 a kan kusan dala miliyan 500, an soke shi dab da ziyarar Netanyahu ta 2018, saboda hukumar binciken tsaro ta Indiya ta ce za ta iya ƙera nata, kuma ba a daidaita a kan miƙa fasaha ba. Wannan ita ce matsalar da ke dawowa kullum: Isra'ila tana son sayar da kaya, Indiya tana son a ƙera a gidanta a kuma koya mata. Mafitar da aka samu ita ce kamfanonin haɗin gwiwa, kamar masana'antar jirage marasa matuƙa samfurin Hermes 900 da kamfanin Adani na Indiya da Elbit na Isra'ila suka buɗe a Hyderabad a 2018. Akwai kuma tabon Pegasus, manhajar kutse a waya ta kamfanin NSO, wadda a 2021 aka zargi an yi amfani da ita a kan 'yan jarida da 'yan adawa. Kwamitin da Kotun Ƙoli ta kafa ya sami manhajar kutse a wayoyi 5 cikin 29, bai tabbatar Pegasus ce ba, ya kuma ce gwamnati ba ta ba shi haɗin kai ba.

Cinikin da ba na makamai ba ya fara da kusan dala miliyan 200 a 1992, yawanci daimon, wanda fataken Gujarat ke kai-komo da shi tsakanin kasuwar Ramat Gan ta Isra'ila da masu yanka da gogewa na Surat a Indiya. A shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023 ya haura dala biliyan 10, amma man dizal da Indiya ta tace ne ya kumbura adadin, kuma ya faɗi sosai bayan yaƙin Gaza da hare-haren 'yan Houthi na Yaman a Bahar Maliya.

Noma shi ne fuskar da gwamnatocin biyu suka fi son nunawa. Tun 2008 ake kafa cibiyoyin koyar da noma na zamani, sun kai wajen 30, irin ta kayan lambu da ke Gharaunda a jihar Haryana. Tsarin shi ne jiha ta ba da fili da ma'aikata, gwamnatin tarayya ta ba da kuɗi, Isra'ila ta ba da ƙwararru. Ana renon dashe a faranti cikin rumfar leda, ana koyar da ban ruwa na ɗigo wanda taki ke bi ta cikin bututu, da aure-auren itatuwan mangwaro da lemo. Inda abin ke cijewa shi ne bayan manomi ya bar cibiya. Matsakaicin gonar Indiya bai fi kadada ɗaya da ɗan ɗoriya ba, kuɗin kafa bututu ya fi ƙarfin mai ita in ba tallafi. Ruwa mai gishiri ko laka yana toshe ƙofofin ɗigon in ba a wanke matata a kai a kai. A jihohin da ake ba manoma lantarki kyauta ko da rahusa kuwa, wanda famfonsa ke zuba ba ya biya ba shi da dalilin tsimin ruwa.

To, me Modi ya ƙara? Ya raba maganar Isra'ila da ta Falasɗinu, ya daina haɗa su a tafiya ɗaya. A da duk jami'in Indiya da ya je Isra'ila sai ya leƙa Ramallah, mazaunin hukumar Falasɗinawa. Haka Shugaba Pranab Mukherjee ya yi a Oktoban 2015. Modi ya je ranar 4 zuwa 6 ga Yulin 2017, firaministan Indiya na farko da ya taka ƙasar, bai je Ramallah ba. Amma ya karɓi Mahmoud Abbas a Delhi wata biyu kafin tafiyar, ya kuma je Ramallah daban ta Jodan a Fabrairun 2018, wata guda bayan Netanyahu ya zo Indiya. A shekarar ce Indiya ta ɗaga gudummawarta ga hukumar 'yan gudun hijirar Falasɗinu daga dala miliyan 1.25 zuwa 5 a shekara.

Aƙida tana da nata rabo. Masu ra'ayin kishin Hindu tun zamanin jigonsu Savarkar suna sha'awar ƙasar da aka gina a kan al'umma ɗaya, kuma harin Mumbai na Nuwamban 2008, inda aka kashe mutum 166 har da shida a cibiyar Yahudawa ta Nariman House, ya ba ɓangarorin biyu harshe ɗaya na yaƙi da ta'addanci. BJP kuma ba ta dogara da ƙuri'un Musulmi, waɗanda ƙidayar 2011 ta ce kashi 14 ne cikin ɗari, wajen miliyan 172. A ganina wannan ya bayyana zafin soyayyar da rungume-rungumen, amma bai bayyana dalilin da ya sa abin bai ja wa Indiya asara ba. Dalilin yana Gulf. A Maris 2018 Saudiyya ta buɗe wa jirgin Air India sararin samaniyarta zuwa Tel Aviv. A Maris 2019, shekara 50 bayan Rabat, Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta gayyaci ministar harkokin wajen Indiya Sushma Swaraj a matsayin babbar baƙuwa a Abu Dhabi, wannan karo ministan Pakistan ne ya ƙaurace. A Agustan shekarar Indiya ta soke matsayi na musamman na Kashmir, a cikin watan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rataya wa Modi lambarta mafi girma. A 2020 Daular da Bahrain suka ƙulla hulɗa da Isra'ila. Hukuncin da Nehru da Azad suka ji tsoro bai zo ba.

Mai son sanin ainihin matsayin Indiya ya bi ƙuri'unta, ya bar hotuna. A Disamban 2017, wata biyar bayan ziyarar Modi, ta kaɗa wa ƙudurin da ya yi watsi da matakin Trump a kan Ƙudus, kuma ofishinta yana nan Tel Aviv. Ranar 7 ga Oktoban 2023 Modi ya fitar da saƙon goyon baya ga Isra'ila cikin sa'o'i, bayan kwana biyar ma'aikatar harkokin waje ta sake jaddada ƙasar Falasɗinu mai 'yanci. Ranar 27 ga watan ta ƙaurace wa ƙudurin tsagaita wuta, ta ce bai ambaci harin Hamas ba. A Nuwamba ta kaɗa wa mai Allah wadai da matsugunan Yahudawa, a Disamba ta kaɗa wa tsagaita wuta, a Mayun 2024 ta goyi bayan kujerar Falasɗinu a majalisar. A Satumban 2024 da Yunin 2025 ta sake ƙauracewa, a Satumban 2025 ta kaɗa wa sanarwar New York mai goyon bayan kafa ƙasashe biyu. Akwai tsari a ciki. In ƙuduri ya tsaya a kan ƙa'ida, wato ƙasashe biyu da haramcin matsugunai, Indiya tana cewa e. In ya ƙunshi hukunci, kamar hana sayar da makamai ko wa'adi ko Kotun Hukunta Manyan Laifuka, sai ta zame. Ita kanta ba mamba ce ta kotun ba, kuma ba ta son a kafa misalin da za a juyo da shi kan Kashmir.

Yaƙin Gaza ya kuma juya alaƙar ta wata fuska: yanzu Isra'ila ma tana buƙatar Indiya. Da ta soke izinin aikin Falasɗinawa, magina Indiyawa ta nema. Yarjejeniyar ma'aikata 42,000 an tsara ta tun Mayun 2023, a Janairun 2024 matasa suka yi dogayen layuka a Haryana da Uttar Pradesh, ƙungiyoyin ƙwadago suna cewa ana tura talakawa fagen yaƙi su maye gurbin wasu talakawan. A Mayun 2024 Sifaniya ta hana wani jirgin ruwa da ya taso daga Chennai ɗauke da abubuwan fashewa zuwa Haifa tsayawa a tasharta. Wasu suka kai ƙara Kotun Ƙoli a dakatar da fitar da makamai, a Satumba kotun ta ce wannan hurumin gwamnati ne.

Iyakar alaƙar tana wuri biyu. Iran: Indiya ta daina sayen manta a 2019 saboda takunkumin Amurka, amma a Mayun 2024 ta sa hannu a yarjejeniyar shekara goma ta tashar ruwan Chabahar, hanyarta ta zuwa Afghanistan da tsakiyar Asiya ba tare da bi ta Pakistan ba. Da Isra'ila ta kai wa Iran hari a Yunin 2025, Indiya ta tsame kanta daga sanarwar Allah wadai ta Ƙungiyar Shanghai, ba ta kuma yaba harin ba. Sai Gulf: Indiyawa sama da miliyan takwas ne ke aiki a can, kuma Indiya tana shigo da fiye da kashi 80 cikin ɗari na ɗanyen man da take sha. Babban burin da aka ɗora a kan wannan alaƙa ma ta nan zai bi. A Janairun 2023 kamfanin Adani da abokin haɗin gwiwarsa suka kammala sayen tashar Haifa a kan kusan dala biliyan 1.2, a Satumba kuma, a taron G20 na Delhi, aka sanar da hanyar kaya daga Indiya ta ruwa zuwa Daular Larabawa, ta jirgin ƙasa ta Saudiyya da Jodan zuwa Haifa, sannan Turai. Wata guda bayan nan yaƙi ya ɓarke. Layin dogon ba zai haɗu ba sai Saudiyya ta daidaita da Isra'ila, Saudiyya kuwa ta ce ba daidaitawa sai da tabbatacciyar hanyar kafa ƙasar Falasɗinu.